Fashin baƙi: Aikin ƙungiyoyin fasaha na shiyya a Amurka da rigimar adalci a harkar al'adu

Shin ya dace gwamnati ta ɗebi kuɗin harajin jama'a ta ba makaɗa da masu zane da 'yan wasan kwaikwayo? In ya dace, wa zai zaɓi wanda za a ba, kuma da wane ma'auni? Tambayar ta daɗe tana tada ƙura a Amurka, amma a 2025 ta sake tasowa da zafi. A watan Fabrairu, hukumar tarayya mai tallafa wa fasaha, wadda aka fi sani da NEA, ta soke shirin Challenge America, wanda yake ba ƙananan ƙungiyoyi dala 10,000 don su kai ayyukan fasaha wuraren da ba kasafai suke isa ba. A farkon watan Mayu kuma, ranar da fadar Shugaba Donald Trump ta fitar da daftarin kasafin kuɗin da ya nemi a rufe hukumar baki ɗaya, ɗaruruwan ƙungiyoyi suka ga saƙon imel cewa an janye tallafin da aka riga aka yi musu alkawari.

Masu goyon bayan matakin suna cewa da ma ɓarnar kuɗin talaka ake yi a kan nishaɗin masu hali na manyan birane, aka kuma cusa siyasar launin fata a ciki. Masu kuka suna cewa an kama hanyar kashe fasaha a ƙasar. A ganina ɓangarorin biyu duk sun tsallake wani rukuni da yake tsakiyar lamarin, wato ƙungiyoyin fasaha na shiyya waɗanda ba sa neman riba. Su ne suke tsaye tsakanin Washington da ƙaramin garin da ko gidan wasa ɗaya ba shi da shi, kuma a hannunsu ne maganar adalci take zama aiki ko ta mutu a takarda.

Wace irin ƙungiya ake magana a kai?

In an ce ƙungiya ba ta neman riba, wasu sukan ɗauka ba ta taɓa kuɗi, ko ma'aikatanta aikin sa-kai suke yi. Ba haka ba ne. Tana iya sayar da tikiti, tana biyan albashi, wata shekarar har ta samu rara. Abin da ya bambanta ta da kamfani shi ne ba ta da mai ita. Babu wanda zai kwashe rarar ya zuba aljihu, dole a mayar da ita cikin aikin da aka kafa ƙungiyar dominsa, kuma akwai kwamitin amintattu da yake sa ido. A dokar harajin Amurka irin waɗannan ƙungiyoyi suna ƙarƙashin sashe na 501(c)(3), wanda ya ɗauke musu harajin kuɗin shiga, ya kuma ba mai yi musu kyauta damar rage nasa harajin. Mai karatu ya riƙe wannan batu na ƙarshe, domin za mu dawo kansa.

Manyan ƙungiyoyin shiyya guda shida ne, kowace da jihohin da take kula da su. Mid-America Arts Alliance da ke Kansas City ita ce ta fari, an kafa ta a 1972. Sai ta yammacin ƙasar da ke Denver, wadda aka daɗe ana kira WESTAF kafin ta koma Creative West a 2024, da South Arts a Atlanta, da New England Foundation for the Arts a Boston, da Mid Atlantic Arts a Baltimore, da Arts Midwest a Minneapolis, wadda ta samu daga haɗewar ƙungiyoyi biyu a 1985, tana kuma kula da jihohi tara. Ba hukumomin gwamnati ba ne, ko da yake suna karɓar kuɗin gwamnati.

Mafi yawan aikinsu ba a kan dandamali yake ba. Dalilin kafa su mai sauƙi ne. Ƙungiyar raye-raye ba za ta yi tafiyar kilomita dubu don wasan dare ɗaya a ƙaramin gari ba, kuɗin mota da masauki kaɗai sun cinye abin da za a samu. Amma in akwai wanda zai haɗa garuruwa biyar a jihohi uku, ya tsara musu ranaku a jere, ya biya wani kaso na kuɗin, tafiyar ta yiwu. Hukumar jiha ɗaya ba za ta iya wannan ba, domin ikonta ya tsaya a kan iyakarta. Haka Mid-America take shirya baje kolin zane-zane da hotuna a cikin akwatuna, ta riƙa aika su ƙananan gidajen tarihi da ɗakunan karatu bi da bi. South Arts tana zagayawa da masu shirya finafinai masu zaman kansu gari-gari, su nuna aikinsu su zauna a yi musu tambayoyi. Arts Midwest ita take gudanar da shirin Big Read a madadin NEA, inda mutanen gari guda suke karanta littafi ɗaya a lokaci ɗaya su haɗu su tattauna.

Bayan waɗannan shida akwai wani rukuni da ya fi su kusa da ƙasa, ƙungiyoyin da suka tsiro daga cikin yanki ɗaya, ko gundumomi kaɗan, ko kwarin wasu duwatsu. Su ne suke karɓar abin da ya gangaro, kuma su ne suka san kowa da sunansa.

Daga ina kuɗin yake fitowa?

An kafa NEA a 1965, Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa hannu a dokar. Kasafinta a 2024 dala miliyan 207 ne. Adadin yana da girma a kunne, amma in aka raba shi da yawan mutanen ƙasar bai kai dala ɗaya ga mutum guda a shekara ba. Doka ta tanadi kashi 40 cikin ɗari na kuɗin tallafinta ya tafi ga hukumomin fasaha na jihohi da ƙungiyoyin shiyya.

Wannan tanadi yana da tarihi. A ƙarshen shekarun 1980 aka yi babbar rigima a kan wasu hotuna da aka baje da tallafin hukumar, waɗanda mutane da yawa suka ɗauka batsa ne ko cin zarafin addini. Rigimar ta kai ga majalisa ta yanke kasafin hukumar da kusan kashi 40 a 1996, daga sama da dala miliyan 160 zuwa ƙasa da miliyan 100, ta kuma hana ta ba ɗaiɗaikun masu fasaha tallafi kai tsaye sai a fannoni kaɗan kamar adabi. Tun daga nan aka ƙara karkata kuɗin zuwa jihohi da shiyyoyi. Wannan ya sa duk lokacin da aka nemi rufe hukumar, kamar yadda Trump ya nema a wa'adinsa na farko, majalisa takan ƙi. Ɗan majalisar da yake sukar hukumar a Washington ya san akwai bikin kiɗa ko ɗakin karatu a mazaɓarsa da yake cin gajiyarta.

Sai dai kuɗin gwamnati ɗan tsiriri ne a cikin abin da yake tafiyar da fasaha a Amurka. Babban kaso daga tikiti da kyautar attajirai da gidauniyoyi yake fitowa. A nan ne batun rage haraji ya shigo. In attajiri ya ba gidan opera, wato wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa, miliyoyin daloli, za a rage masa haraji, wato baitulmali ta yi asarar wani kaso na kuɗin da za ta karɓa. Jama'a sun biya wani ɓangare na kyautar ke nan, amma ba a tambaye su inda za a kai ta ba. Attajirin ne ya zaɓa, kuma ɗan Adam yakan ba abin da ya saba da shi, gidan da yake zuwa kallo, kwamitin da abokansa suke ciki. Ba sai an yi mugun nufi ba, tsarin da kansa yana tara kuɗi wuri ɗaya.

Wasu jihohin sun nemi wata hanya. A 2008 masu zaɓe a Minnesota suka amince a ƙara harajin saye da sayarwa da kashi uku cikin takwas na kashi ɗaya cikin ɗari har tsawon shekara 25, kuma kashi 19.75 na abin da aka tara yana tafiya ga fasaha da kayan tarihi. Jihar tana da majalisun fasaha na yanki goma sha ɗaya, kowace da gundumominta, waɗanda suke raba wani kaso na kuɗin. Mutanen yankin ne suke zama su tantance masu nema, ba wani daga babban birni ba.

Me ake nufi da adalci a harkar al'adu?

Mutane da yawa sun ɗauka maganar sabuwa ce, ta zo ne tare da zanga-zangar da ta biyo bayan kisan George Floyd a 2020. Ta girmi haka nesa. Alan Lomax, mutumin da ya shafe shekaru yana yawo da na'urar ɗaukar sauti yana naɗar waƙoƙin manoma da fursunoni da masunta, ya yi kira a kan wannan tun a 1972, ya kuma kafa ƙungiya don haka a 1983. Damuwarsa ita ce rediyo da talabijin da makaranta suna watsa al'adar wasu tsiraru ga kowa, har jikan gwanin mawaƙi ya tashi yana jin kunyar waƙar kakansa. Abin da ya nema shi ne kowace al'umma ta samu lokacinta a iska da gurbinta a aji.

A yau ma'anar ta faɗaɗa, amma ƙashin bayanta bai canza ba. Ana nufin kowane mutum, ko ina yake zaune, ko wane yare yake yi, mai naƙasa ne ko mai lafiya, ya samu damar yin fasaharsa da ganin ta wasu, kuma a yi rabon kuɗi da iko ta yadda wannan zai yiwu. Raba kuɗi daidai wa daida ba ya kawo haka. In ka ba gidan tarihin da yake da ma'aikata ɗari biyar da ƙungiyar masu saƙa ta mata takwas fom iri ɗaya da wa'adi ɗaya, ka riga ka san wanda zai ci.

Alƙaluma sun nuna girman gibin. Wani rahoto da wata mai bincike, Holly Sidford, ta rubuta a 2011 ya gano cewa ƙungiyoyin da kasafinsu ya wuce dala miliyan biyar ba su kai kashi biyu cikin ɗari na dukkan ƙungiyoyin fasaha ba, amma suna samun fiye da rabin kuɗin. Kashi 10 kacal na tallafin gidauniyoyi ne aka ware a fili don marasa galihu. Da aka sake dubawa a 2017, sai aka tarar abin ya ƙara muni, kashi biyun nan suna kwashe kusan kashi 60 na kyautar da ake bayarwa. Kashin dankali ke nan, babba a kan ƙarami. Waɗanda suke ƙasa kuwa ba baƙaƙen fata da 'yan asalin ƙasar da baƙin haure kaɗai ba ne. Mazauna karkara, waɗanda mafi yawansu farare ne, suna cikin waɗanda aka fi mantawa da su.

Inda rashin adalcin yake ɓuya

Wannan shi ne ɓangaren da ba a cika kawowa a muhawara ba, kuma a gare ni shi ne zuciyar maganar. Ba wanda yake rubuta a ƙofa cewa talaka kada ya shigo. Ƙa'idojin neman tallafi ne suke yin aikin a ɓoye.

A ɗauki tsohuwar da ta ƙware a ɗinkin bargon gargajiya, tana koya wa 'yan mata a ɗakin taro na coci. Tana buƙatar dala dubu uku ta sayi yadi da zare ta biya kuɗin wuta. Abu na farko da za a tambaye ta shi ne rajistar 501(c)(3), wadda samunta yana buƙatar kwamiti da kundin tsari da cike takardun hukumar haraji. Ba ta da ita. In ta tsallake wannan, za a ce sai ta kawo nata kason, domin tallafin NEA bisa al'ada dala ɗaya ce a kan dala ɗaya, wato in kana son dubu goma sai ka nuna ka samo dubu goma daga wani wuri. Babban gidan wasa waya ɗaya zai buga wa attajiri ya samu. Ita wa za ta kira? Sannan wasu masu ba da tallafi ba sa biya sai bayan an gama aiki an kawo rasit, ke nan sai mai kuɗi a hannu ne zai iya karɓar taimako. Fom ɗin kansa shafuka ne masu yawa, da Turancin ofis, a intanet, a yankin da sabis yake zuwa yana ɗaukewa. Manyan cibiyoyi suna da ma'aikacin da ba shi da wani aiki sai rubuta irin waɗannan takardu.

In ma takardarta ta kai gaban kwamitin tantancewa, su wa ke zaune a wurin? In duka waɗanda suka yi karatun fasaha a jami'a ne, za su ce suna neman nagarta, kuma da gaske suke. Amma nagartar da suka iya ganewa ita ce wadda aka koya musu. Ba za su bambance ɗinkin gwana da na 'yar koyo ba, kamar yadda ita ma ba za ta iya yi wa mawaƙin opera alƙalanci ba.

Aikin ƙungiyar shiyya ta gari shi ne kwance waɗannan ƙulle-ƙulle ɗaya bayan ɗaya. Takan tsaya wa ƙananan ƙungiyoyin da ba su da rajista, ta karɓi kuɗi da sunansu ta riƙe musu lissafi. Takan taƙaita fom, ta yarda a aiko da bayani ta bidiyo ko da baki, ta fassara shi zuwa Sifaniyanci ko Somaliyanci ko yaren Hmong inda masu waɗannan harsuna suke da yawa. Takan biya kuɗi tun farko, ta sassauta ko ta cire sharaɗin kawo kaso. Takan sa masu sana'ar da kansu a kwamitin tantancewa, ta kuma biya su ladan zama, domin in aikin kyauta ne, mai albashi mai tsoka kaɗai ne zai iya ba da kwana uku. Takan kuma ba da kuɗin tafiyar da ofis, ba na shiri ɗaya kawai ba, domin haya da albashi su ne suke kashe ƙananan ƙungiyoyi. Shirin ArtsHERE da NEA ta yi tare da ƙungiyoyin shiyya shida, wanda ya zaɓi ƙungiyoyi 112 a 2024, bai nemi kowa ya kawo kaso ba. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai fito a kanun labarai, amma su ne suke yanke wanda zai shigo.

Abin da ya faru a Whitesburg

Whitesburg ƙaramin gari ne a gabashin Kentucky, cikin duwatsun Appalachia, yankin haƙar kwal. Mutanensa kimanin dubu biyu ne. A 1969 aka buɗe wani wurin koya wa matasa ɗaukar fim da kuɗin shirin gwamnatin tarayya na yaƙi da talauci. Tunanin shi ne su koyi sana'a su samu aiki a masana'antar fim. Matasan suka zaɓi zama a gida su juya kyamarar ga mutanensu. Sun gaji da 'yan jaridar da suke zuwa daga nesa su ɗauki hoton yara marasa takalmi su tafi, ƙasa duka ta ɗauka yankin ba shi da komai sai jahilci da fatara. Daga nan ƙungiyar Appalshop ta samu. Suka naɗi masu haƙar kwal da ungozomomi da masu kiɗan banjo suna magana da bakinsu da karin harshensu. Daga baya suka kafa kamfanin faifai da ƙungiyar wasan kwaikwayo, sai gidan rediyon WMMT a 1985.

Wani shiri na wannan rediyo ya fi komai nuna mini ma'anar ƙarfafa al'umma. Da aikin kwal ya ja baya, aka gina manyan gidajen yari a yankin, ciki har da Red Onion da Wallens Ridge a tsallaken iyakar Virginia. Da yawa daga cikin fursunonin baƙaƙen fata ne daga birane masu nisa, iyalansu ba su da halin zuwa ziyara, kuɗin wayar gidan yari kuma yana da tsada. Wasiƙu suka fara zuwa gidan rediyon daga ciki. Sai aka buɗe layin waya, duk daren Litinin uwa ko mata ko ɗa ya kira ya bar saƙo, a sa a iska. Wata ta gaya wa ɗanta ƙanwarsa ta haihu, wani yaro ya karanta wa mahaifinsa sakamakon jarrabawa. Fursuna yana ɗakinsa da ƙaramar rediyo yana jiran muryar gida. Maƙwabtan gidan yarin, har da masu gadinsa, su ma suna iya kama tashar su ji. Mutumin da ya ji uwa tana yi wa ɗanta addu'a a rediyo, da wuya ya ci gaba da kallon ɗan a matsayin lamba kawai.

A watan Yulin 2022 ambaliya ta afka wa gabashin Kentucky, ta kashe mutum fiye da 40. Ruwa ya shiga ginin Appalshop ya cika taskar da aka adana finafinai da kaset na shekara hamsin. Ma'aikata da masu sa-kai suka riƙa kwaso su daga cikin laka ana sa su a motoci masu sanyi don kada su ruɓe kafin a kai wurin masu gyara. Abin da ake ƙoƙarin ceto muryoyin kakannin mutanen garin ne, waɗanda da yawansu ba su da kwafi a ko'ina.

Wasu hanyoyin

A St. Paul ta jihar Minnesota akwai Springboard for the Arts, wadda ta buɗe ofis na biyu a ƙaramin garin Fergus Falls a 2011 don kada aikinta ya tsaya a birni. Lokacin da ake shimfiɗa layin dogon Green Line, wanda aka buɗe a 2014, an tone babban titin University na tsawon shekaru, ƙananan shaguna, da yawa na baƙin haure, suka rasa masu saye. Ƙungiyar ta horar da ɗaruruwan masu fasaha na unguwannin, ta ba kowa ɗan tallafi ya haɗa kai da wani shago, a yi kiɗa a gidan abinci ko zane a bango, don mutane su ci gaba da zuwa. A 2021 kuma ta fara ba masu fasaha 25 dala 500 duk wata ba tare da wani sharaɗi ba, a unguwannin Frogtown da Rondo. Ba a zaɓi Rondo haka kawai ba. Ita ce cibiyar baƙaƙen fatar birnin kafin a ratsa babbar hanyar I-94 ta tsakiyarta a shekarun 1950 da 1960, aka rushe ɗaruruwan gidaje.

A yankin Pine Ridge na al'ummar Oglala Lakota a South Dakota, ɗaya daga cikin wuraren da talauci ya fi ƙamari a ƙasar, matsalar ita ce nisa. Mai aikin duwatsun ado ko ɗinki yana iya zama tafiyar awanni daga inda zai sayi kaya ko ya sayar. First Peoples Fund da abokan aikinta suka mayar da wata bas ɗakin aiki mai yawo, Rolling Rez Arts, tana bi ƙauye-ƙauye da horon kasuwanci da kayan aiki, har da hidimar banki.

Me masu suka suke cewa?

Suka iri uku ce, kuma kowace tana da abin dubawa.

Masu ra'ayin mazan jiya suna cewa ba aikin gwamnati ba ne, in mutane suna son abu za su biya. Amsar ita ce kasuwa tana biyan abin da yake da masu saye da yawa a wuri ɗaya, garin mutum dubu biyu kuwa ba zai taɓa cika wannan sharaɗi ba. Suna kuma cewa ware tallafi don wani jinsi wariya ce ko da da kyakkyawar niyya aka yi. Wannan hujja ta samu ƙarfi a kotu. A 2023 Kotun Ƙoli ta haramta duba launin fata wajen ɗaukar ɗalibai a jami'a, a 2024 kuma gidauniyar Fearless Fund ta rufe shirinta na tallafa wa 'yan kasuwa mata baƙaƙen fata bayan an kai ta ƙara. Ƙungiyoyin fasaha da yawa sun fara sake ƙa'idojinsu, suna dogara da girman kasafi ko wurin zama ko talauci. Ina ganin wannan ba asara ba ce gaba ɗaya, domin gyaran fom da biyan kuɗi tun farko da buɗe kwamiti ba sa buƙatar a tambayi kowa launinsa.

Suka ta biyu daga cikin gida take. Akwai masu fasaha da suke cewa bayan 2020 kowace cibiya ta fitar da sanarwar adalci, aka gayyace su wasa ɗaya a shekara, aka sa hotonsu a rahoto, amma kwamitin amintattu da kasafi suna nan yadda suke. Wannan gaskiya ce a wurare da dama. Hanyar gane ƙungiyar da take da gaske ita ce a duba wanda yake da ikon sa hannu, da kaso nawa ne yake fita zuwa ƙanana.

Ta uku ita ce mafi ciwo. In fasaha ta ƙawata unguwar talakawa, sai masu kuɗi su fara sha'awarta, haya ta tashi, mutanen da suka raya wurin su kasa zama. Shi ya sa wasu, irin su Roberto Bedoya, mai rubutu a kan harkar al'adu, suke cewa aikin ya zama na riƙe wuri ga masu shi, kada ya zama share fage ga masu sayen gidaje. Ƙungiyar da take zanen bango amma ba ruwanta da maganar haya, tana iya cutar da waɗanda ta zo taimaka.

Akwai kuma hujjar tattalin arziki da masu kare fasaha suke yawan kawowa. Ƙungiyar Americans for the Arts ta ƙiyasta cewa wannan fanni ya juya dala biliyan 151.7 a 2022, ya kuma riƙe ayyuka miliyan 2.6. Hujjar tana shiga kunnen 'yan majalisa, amma in da ita kaɗai za a auna, shirin saƙon fursunoni na daren Litinin ba zai ci ba, domin ba ya kawo ko sisi.

Wa zai ji a jikinsa?

In tallafin tarayya ya ragu ko ya tsaya, manyan gidajen tarihi da na kaɗe-kaɗe na New York da Chicago za su girgiza kaɗan su wuce, domin kason gwamnati a kasafinsu ƙanƙani ne, kuma suna da dukiyar ajiya da attajirai. Inda babu gidauniya ko babban kamfani, dala dubu goma ita ce shirin gaba ɗaya. Ƙari a kan haka, samun tallafin NEA ko na ƙungiyar shiyya shaida ce da ƙaramar ƙungiya take nunawa bankin gari ko majalisar gunduma su ƙara nasu. In shaidar ta tafi, sauran kuɗin yakan bi ta.

A aikace, abin da ɗan ƙasa zai gani shi ne makaɗan da suke zuwa makarantar 'ya'yansa sau ɗaya a shekara sun daina zuwa, ajin zane na tsofaffin sojoji ko na gidan tsofaffi ya rufe, tikitin da yake kyauta ya koma na kuɗi. Gwanin da yake koya wa almajiri sana'ar hannu da ɗan tallafin shekara zai koma neman abinci, kuma in ya rasu bai miƙa ba, babu kasafin wata shekara da zai dawo da abin da ya tafi da shi. Jihohi irin Minnesota da suka tanadi nasu kuɗin za su iya jurewa fiye da waɗanda kusan rabin kuɗin hukumar fasaharsu ko fiye daga Washington yake zuwa, kuma da yawa daga cikin waɗannan jihohin karkara ne da suka zaɓi gwamnatin da ta ɗauki matakin.